Gado Ne, Asiri Ne, Ko Wiwi? Abin Da Ke Jawo Taɓin Hankali

  Yau za mu taɓo wata magana da ba a cika son yin ta a gidajenmu ba, sai dai a yi ta ƙasa-ƙasa idan baƙi sun tashi. Maganar taɓin hankali ce.

A hutun da ya wuce mun je gida Achika, a ƙaramar hukumar Wudil. Wata rana bayan la'asar muna zaune a majalisa gindin darbejiya, sai wani yayanmu ya zo wucewa da buhun taki a bayan keke. Ya tsaya muka gaisa, har ya tsokane mu wai 'yan jami'a sun dawo cinye tuwon gida. Wanda bai san shi ba, ba zai taɓa cewa shekara uku da suka wuce wannan mutumin yana ɗaure da sarƙa a ƙafa ba.

Aji uku ya ba mu a sakandare, kuma a wajensa muke kai lissafin da ya gagare mu. Da ya gama, babu kuɗin ci gaba, sai ya tafi cirani Legas yana achaba. Bai cika shekara biyu ba aka dawo da shi. Ya daina wanka, ya daina fita, dare ya raba yana magana shi kaɗai. Idan an kunna rediyo sai ya ce da shi ake. Daga baya ya ƙi cin abincin da mahaifiyarsa ta dafa, ya ce an zuba masa guba.

Yana ba da baya a ranar nan sai musu ya kaure a majalisa. Wani ya ce gado ne, ai ƙanin kakansa ma ya yi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wani ya ce asiri aka yi masa saboda an ga zai fi kowa. Na uku ya ce ku bar wahalar da kanku, wiwi ya koya a can. Kowa ya rantse a kan tasa, aka tashi babu wanda ya sauka.

Ashe ba majalisarmu kaɗai ke wannan musu ba. A 2004 wasu likitoci na Kano sun wallafa wani bincike da suka yi a garin Karfi da ke ƙaramar hukumar Kura, inda suka tambayi manya 250 abin da ke jawo taɓin hankali. Kimanin kashi 34 cikin 100 na amsoshin sun ce shaye-shaye ne, kashi 19 sun ce fushin Allah ne ko ƙaddara, kashi 18 kuma sun ce sihiri ne ko aljanu. Da muka koma makaranta sai muka zauna muka karanta abin da masana suka gano. Shi muka kawo muku yau.

Wace cuta ce?

Taɓin hankali iri-iri ne. Wanda ya sami yayanmu, likitoci suna kiran sa sikizofireniya. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Eugen Bleuler ne ya raɗa mata wannan suna a 1908. Mai ita yakan ji muryoyin da babu mai jin su sai shi, ya yarda da abin da ba haka yake ba ko da an kawo masa hujja, zancensa ya riƙa tsinkewa, ya janye daga mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2022 cewa kimanin mutum miliyan 24 ke da ita, wato 1 cikin kowane 300. Akwai ta a Kano, akwai ta a Landan, akwai ta a Makka. Abin da ya sa ta shafe mu kai tsaye shi ne lokacin da take fara bayyana: daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma takan riga bayyana a maza kafin mata. Wato shekarunku da namu.

Mai cewa gado yana da gaskiya, amma rabinta

Tabbas gado yana da hannu mai ƙarfi. A cikin jama'a gaba ɗaya, wanda zai kamu da ita a tsawon rayuwarsa bai cika 1 cikin 100 ba. Idan uwa ko uba yana da ita, haɗarin ɗa yakan kai kimanin 1 cikin 10. Amma ku juya lissafin: 9 cikin 10 na irin waɗannan 'ya'ya ba sa kamuwa.

Ga hujjar da ta fi kowace. Tagwaye masu kama ɗaya sak, daga ƙwai ɗaya suka fito, duk abin da Hassan ya gada Husaini ma ya gada. Da gado ne kaɗai, duk lokacin da Hassan ya kamu dole Husaini ya kamu. Amma binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna idan ɗaya ya kamu, ɗayan yana kamuwa ne a kusan rabin lokuta ko ƙasa da haka. To mene ne ya raba su?

Mu 'ya'yan manoma mun san amsar tun a gona. A ɗebo irin gero daga ƙwarya ɗaya, a shuka rabi a gonar da ta sha taki, rabi a fako, ba za a girbe abu ɗaya ba. Gado shi ne irin. Duk abin da ya sami mutum tun yana ciki har ya girma, shi ne ƙasar da ruwan. Wannan shi masana ke kira muhalli, kuma ba shara da kwata kawai suke nufi ba. Abubuwa huɗu daga ciki sun fi fitowa fili a bincike.

Na ɗaya: tun daga ciki

Ƙwaƙwalwa tana fara ginuwa tun makonnin farko na ciki, wani lokaci kafin uwa ta san tana ɗauke da shi. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, yunwa ta kashe mutum kimanin 20,000. Bayan shekaru da yawa masu bincike suka bi takardun asibiti, suka ga waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar sun ninka sauran mutane sau biyu wajen kamuwa da wannan cuta bayan sun girma. An sake ganin irin wannan ninki a cikin waɗanda aka haifa lokacin babbar yunwar ƙasar Sin ta 1959 zuwa 1961.

Haka kuma matsalolin haihuwa. Doguwar naƙudar da ke sa jariri ya rasa isasshiyar iska, jijjiga, zubar jini, haihuwar bakwaini, da wasu cututtuka masu kama uwa tana da ciki, duk an ga suna ƙara haɗarin. Waɗannan kuwa ba baƙinmu ba ne. Wa a cikinmu bai san matar da ta kwana biyu a kan gwiwa kafin a nemo motar da za ta kai ta asibitin Wudil ba? Zuwa awo, shan maganin ƙarin jini da ake bayarwa a can, cin abinci mai gina jiki da haihuwa a hannun ƙwararru suna tsare ran uwa a yau, suna kuma tsare hankalin ɗa nan da shekara ashirin.

Na biyu: ƙuruciya mai ɗaci

A 2012 wasu masana sun tattara bincike da dama daga ƙasashe daban-daban suka haɗa sakamakonsu. Sun ga yaran da suka taso cikin duka mai tsanani, ko cin zarafi, ko lalata da su, ko rashin kulawa, ko rasuwar iyaye, ko tsangwamar 'yan'uwansu yara, sun kusa ninka sauran sau uku wajen samun irin wannan taɓin hankali. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, jikin da ya daɗe cikin fargaba yakan saba da zama a shirye kullum kamar ana bin sa, har ƙwaƙwalwa ta koyi hango barazana a inda babu ita.

Ku lura da kalmar tsangwama a jerin nan. Wannan a ajinku take faruwa, a ɗakin kwananku, a layin ɗiban ruwa. Yaron da aka mai da shi abin dariyar aji saboda in'ina ko yagaggiyar riga, da ƙaramin da manyan ɗalibai ke sa wa tsallen kwaɗo kowane dare, ba mu san irin da suka gado ba, ba mu kuma san abin da muke zuba wa irin nan ba.

Na uku: baƙunta da kaɗaici

Tun 1939 wasu masana biyu a birnin Shikago na Amurka suka lura cutar ta fi yawa a unguwannin tsakiyar birni inda mutane ke zaune a cunkushe amma babu wanda ya san wani. A ƙasar Denmak, bincike ya nuna wanda aka haifa a babban birninsu ya ninka ɗan ƙauye fiye da sau biyu. Sai dai wani bincike na 2018 a ƙasashe 42 masu tasowa bai ga irin wannan bambanci tsakanin birni da ƙauye ba, don haka kada wani ya ce zama a Kano ne ke haukata mutum.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne labarin baƙi. Wani babban bincike da aka wallafa a Ingila a 2006 ya gano baƙar fata 'yan asalin tsibiran Karibiyan da ke zaune a can sun ninka Turawan ƙasar kusan sau tara wajen kamuwa da cutar, 'yan asalin Afirka kuma kusan sau shida. Amma da aka duba can gidajensu na asali, irin su Jamaika da Tirinidad, ba a ga wannan yawa ba. Jini ɗaya ne, wurin zama ne ya bambanta. Masana suna danganta hakan da wariya, talauci, da zaman wanda kullum yake jin shi bare ne. An kuma lura haɗarin yana raguwa idan baƙo yana zaune a cikin mutanensa.

Mun tuna da yayanmu. Yaro ɗan shekara sha tara, daga Achika inda kowa ya san kakansa, zuwa garin da yake kwana a kan babur, ba ya jin harshen mutane, kullum cikin tsoron a ƙwace masa abin sana'a. Cirani ba laifi ba ne, da shi aka gina gidaje da yawa a garinmu. Amma ɗan cirani yana buƙatar mutanensa kamar yadda yake buƙatar abinci.

Na huɗu: tabar wiwi

Wannan ita ce tafi kusa da hannunmu. A ƙasar Suwidin an tambayi samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja a 1969 da 1970 ko suna shan wiwi, sannan aka bi rayuwarsu shekara 15. Sakamakon da ya fito a 1987 ya nuna waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau shida wajen kamuwa da sikizofireniya. A 2019 wani bincike a wurare 11 na Turai da Burazil ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha sau uku wajen samun irin wannan taɓin hankali, idan kuma mai ƙarfin ce yake sha kullum, kusan sau biyar. Wani binciken a Niyu Zilan ya nuna wanda ya fara tun yana ɗan shekara 15 ya fi wanda ya fara a 18 shiga haɗari.

Me ya sa shekaru ke da muhimmanci? Domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma ɓangaren gaba, mai tsara tunani da yanke shawara, shi ne na ƙarshe. A shekarunku ƙwaƙwalwa tana cire hanyoyin da ba ta buƙata, tana ƙarfafa waɗanda za ta riƙe. Sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi yana kutsawa cikin wannan aiki, yana kuma taɓa wani sinadarin saƙo mai suna dofamin, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa abin da ya kamata ta ba muhimmanci. Idan dofamin ya rikice, tarin wani a bayanka sai ya zama habaici, labaran rediyo su zama saƙo gare ka. Ƙwayar nan da ake kira ais ita ma tana iya jefa mutum cikin wannan hali.

Kuma abin yana ƙofar gida. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 10.6 kuma wiwi suka sha. A jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin 100.

Mun san abin da wani zai ce: ai wane shekara goma yana sha, lafiyarsa lau. Gaskiya ne, yawancin masu sha ba sa kamuwa da wannan cuta, kuma da yawan masu cutar ba su taɓa riƙe ko sigari ba, don haka haramun ne mu ga mara lafiya mu yanke masa hukuncin ɗan ƙwaya. Amma babu gwajin da zai gaya maka irin da ka gado kafin ka kunna. Wane ya tsallake, kai ba ka san naka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai kuwa ba ka ganin bangonka ta ciki.

To wa ya ci musun majalisa?

Mai gado ya faɗi gaskiya, mai wiwi ma haka, domin yayanmu da bakinsa ya ce ya sha a can don ya iya jure aikin dare. Amma babu ɗayansu da ya isa shi kaɗai. Abubuwan taruwa suke yi, wannan a kan wancan, kamar kayan da ake ɗora wa jaki har a sa ƙullin da zai durƙusar da shi.

Maganar asiri kuwa, abin da muka gani da idonmu shi ne tsadarta. Wata goma sha takwas ana yawo da shi. An sayar da sa guda a kasuwar Wudil ranar wata Juma'a aka kai wa wani mai magani, wanda ya sa masa mari ya riƙa dukansa wai yana korar abin da ke jikinsa. Har yau tabon yana idon sawunsa. Sai da wani kawunsa ya dage aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Cikin 'yan makonni da fara magani muryoyin suka lafa. Mahaifiyarsa ba ta daina yi masa addu'a ba ko rana ɗaya, babu kuma likitan da ya ce ta daina. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Sarƙa da bulala ne ba magani ba.

Maganin wannan cuta ya samu tun 1952, lokacin da aka fara gwada shi a birnin Faris. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla 1 cikin 3 na masu ita suna warkewa sarai, wasu da yawa kuma suna rayuwa da aiki idan suna shan magani. Bincike ya nuna gwargwadon jinkirin fara magani, gwargwadon wahalar farfaɗowa. A ƙasar nan ma muna da abin alfahari: a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da marasa lafiya a ƙauyen Aro kusa da Abekuta, suna zaune a gidajen mutane tare da danginsu maimakon a kulle su, har duniya ta zo koyo. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marasa lafiya.

Abin da ke hannunmu

Ba mu muka zaɓi iyayenmu ba, ba mu muka zaɓi yadda aka haife mu ba. Amma akwai abin da ya rage mana. Idan an miƙo maka a bayan aji ko a bakin kogi, ka ce a'a, ko da za a kira ka ɗan ƙauye. Kada ku zama ajin da ke taruwa a kan mutum ɗaya. Idan innarku ko yayarku tana da ciki, ku tuna mata ranar awo, ku raka ta idan babu mai rakiya. Idan ɗan'uwanku yana cirani, ku kira shi ba don ya turo kuɗi kawai ba.

Sannan ku sa ido a kan juna. Abokin da ya kasance mai fara'a ya koma zama shi kaɗai, makinsa ya zube babu dalili, ba ya barci, ya daina kula da tsabtarsa, yana zargin kowa, ko ya ce yana jin ana kiran sunansa: idan hakan ya ɗauki makonni, ku gaya wa malamin da kuka amince da shi ko iyayensa, a kai shi wajen likita. Wannan ba tsegumi ba ne. Akwai sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma Dawanau, asibitin da ke kusa da ku ma zai iya tura ku inda ya dace.

Akwai abu ɗaya da muke jin kunyar faɗa. Muna yara mu ma mun bi wani bawan Allah a kasuwa muna masa waƙa muna jifa. Ba mu taɓa tunanin shi ma ya taɓa zama a aji, yana da uwa mai kuka a gida ba. Masu wannan cuta an fi cutar da su fiye da yadda suke cutarwa. Don Allah idan kun ga ƙannenku suna yi, ku hana su.

Kafin mu baro gida mun sami yayanmu a gona yana zuba takin nan. Muka ce, "Yaya, ka yarda mu rubuta labarinka a jarida?" Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ku rubuta, amma ban da sunana. Ku gaya wa yaran nan, da an kai ni asibiti tun watan farko, da san babanmu yana nan a turke."

Mun isar da saƙo. Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani ya rubuto mana kamar yadda aka saba, ba za mu buga sunan wanda bai so ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana hankulanmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.